Batura Huɗu Masu Ɗigon Ja

Yau ba zan tsaya doguwar gaisuwa da ku ba, 'yan uwa. Duk wanda ya san ni ya san ba na faɗa. A gidanmu Shiru-shiru ake kirana tun ina ƙarama, in baƙo ya yi sallama ni ce ta farko da ke shigewa bayan labule. To wannan Shiru-shirun ce jiya ta taka kujera a falon gidan su saurayinta, a gaban mahaifiyarsa da kawunsa da kakarsa, ta sauko musu da agogon bango. Ku saurare ni daga farko, sannan ku faɗa mini in ni ce mai laifi.

Babanmu mai hoto ne. Da ya rasu bai bar wani abin kirki ba sai kyamara ɗaya da filash, wato fitilar nan da ake ɗora mata a ka, mai walƙiya in an danna. Ni firamare kawai na yi, sauran karatuna a shagonsa na yi shi, ina riƙe masa jaka ina goge masa gilashi. Magana tana ba ni wahala, amma in na sa idona a bayan kyamara sai in ji kamar na shiga ɗakina na rufe ƙofa. Ina ganin kowa, ba wanda ke ganina.

Filash ɗin nan ƙananan batura huɗu yake ci, masu caji. Baba yana da doka a kansu, ya nanata mini ita har ta zauna a kaina. Huɗun da suka fara aiki tare, tare ake cajinsu, tare ake sa su, ba a raba su. In ɗaya mai rauni ya shiga cikinsu, shi zai ja sauran ukun ƙasa, ki danna hoto ɗaya ki tsaya kina jiran 'yar jar wutar bayan filash ta kama, mutane kuwa murmushinsu na bushewa a fuska. Shi da salatif yake yi musu alama. Ni da na ga salatif yana ɓarewa sai na koma jan farce. Huɗu na ɗiga musu ja, huɗu na ɗiga musu shuɗi. Farare ne, ba su da wani ado, amma ko na caja su na ajiye a jaka ba sa zubar da cajinsu. Su takwas ɗin nan na fi sanin halinsu fiye da na wasu 'yan uwana.

Yayanmu, wanda ke gyaran babura, tun ranar da aka share makoki idonsa ke kan kyamarar nan. Wai a sayar. Wai ba tsari ba ne mace ta rataya ƙarfe a wuya tana shiga gidajen mutane. Mama ba ta ce a sayar ba, ba ta kuma ce kada a sayar ba, ita dai kullum zancenta ɗaya ne: “Ki lallaɓa ki yi aurenki, kowa ya huta.”

Wanda za a lallaɓa a aura ɗin kuwa shi ne Ɗan Gayu. Haka ƙawayena suka raɗa masa, don kullum cikin fararen kaya yake, ƙamshin turarensa na riga shi shigowa, makullin mota na juyawa a ɗan yatsansa. Wayoyi yake sayarwa. Kada ku ce mugu ne, ba mugu ba ne, yana da kyauta, yana da fara'a, Mama in ta ji sallamarsa har muryarta canjawa take yi. Matsalarsa ɗaya ce: bai taɓa tambayata komai ba. Shi ke zaɓar lemon da zan sha. Shi ya zaɓi kalar mayafina. Har ƙarar da wayata ke yi in an kira, shi ya sa mini ita. In na yi shiru sai ya ce, “Na san za ki so shi.” Ni kuwa shirun nan ba yarda ba ce, maganar ce take maƙalewa a wuyana.

Makon da ya wuce na ce ina son ƙara wasu batura huɗu, saboda aiki ya fara zuwa mini. Ya ce shi zai kai ni. Muka shiga shagon kayan lantarki, wani matsattsen wuri mai warin roba, wayoyin caja na reto daga rufi har suna taɓa kai. Na nuna wa mai shagon irin nawa, fararen nan. Kafin ya miƙo hannu Ɗan Gayu ya riga ya zaro wani kwali mai sheƙi, batura masu ruwan zinare, an zana musu walƙiya a jiki.

“Malam, bar waɗancan. Waɗannan za mu ɗauka.”

Na ce a hankali, “Fararen nake so.”

“Dubi lambar ƙarfin da ke jikinsu mana, 'yan mata. Naki dubu biyu aka rubuta. Waɗannan kusan dubu biyar. Ninki biyu fa ke nan, har da ɗoriya.”

Na karɓi ɗaya na ɗora a tafin hannuna. Fayau, kamar ba komai a cikinsa. Baba ya sha gaya mini batirin kirki yana da nauyi, lamba kuwa kowa na iya buga ta a takarda.

Na ce, “Ba su da nauyi.”

Ya kwashe da dariya har yana dafa teburin shagon. “Tumatir muka zo saya da za a auna? Ni fa batir nake taɓawa tun safe har yamma. Malam, gaya mata.”

Mai shagon ya gyara tabarau ya ce, “Ni dai duka sayarwa nake yi.”

Mutane biyu da ke shagon suka juyo suna kallona. Kunya ta rufe ni, na ajiye batirin na ce na fasa, sai wani lokaci. A mota yana ta waƙarsa, ni ina kallon taga, raina na tafasa a ɓoye.

Da yamma saƙonsa ya shigo:

“Albishirinki. Na samo miki aiki, a gidanmu, ranar Asabar. Kawu ya dawo daga ƙasar waje, ranar Lahadi zai koma. Umma na son hoton Kaka da 'ya'yanta gaba ɗaya, ba a taɓa yi ba. Ki sa shuɗin leshin da na saya miki.”

Ban taɓa shiga gidansu ba. Ranar ce mahaifiyarsa za ta fara ganina ido da ido. Mama da ta ji har da 'yar rawarta a tsakar gida. Yaya kuwa ya ajiye kofin shayinsa ya kalle ni.

“To, ki ji da kyau. Gidan surukai za ki. In kika ja mana abin magana, ko suka ce aikin bai yi ba, wallahi kyamarar nan ta bar hannunki ke nan. Akwai mai so, tun tuni yake bina.”

Na ce, “To, Yaya.”

Ranar Laraba na caja baturana duka, na sa jajayen a filash, na gwada shi a kan bangon ɗaki, fal, fal, fal, ba jira. Shuɗayen na zuba a 'yar jakarsu. Na goge gilashi, na zuge jaka, na ajiye ta a falo kan kabad inda ba mai taɓawa. Ranar Alhamis Ɗan Gayu ya zo gaishe da Mama. Aka ce in je in dafa shayi. Daga kicin ina jiyo shi da Yaya suna ƙus-ƙus suna dariya, na ɗauka hirar ƙwallo ce. Da na kawo tire jakata na nan inda na bar ta. Me zai sa in sake buɗewa? Na san abin da na zuba a ciki.

Jiya Asabar na so in sa doguwar rigata ta aiki, mai aljihu biyu. Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta ce sai dai in bi ta kanta. Haka na saka leshin nan mai ƙaiƙayi, hannunsa ya matse ni, ga mayafi na zamewa duk lokacin da na ɗaga kafaɗa. Muna hanya hadari ya haɗu, muna isa ruwa ya tsuge, aka ɗauke wuta.

Falon nasu babba ne amma duhu gare shi. Labule masu nauyi kalar ƙasa, taga ɗaya tana kallon katangar maƙwabta, kujeru an lulluɓe hannuwansu da farin yadi mai huda-huda. Babban agogo a bango sama da talabijin, yana ta ƙyas-ƙyas. Na durƙusa na gaishe da mahaifiyarsa, wadda suke kira Umma. Ta amsa da sakin fuska, amma idonta ya bi ni daga ɗankwali har takalmi. Kusa da ita babbar yayarsa ce, Anti, zobe a kowane yatsa, tana fifita da murfin kwali. Ga Kawu, mai ƙiba da yawan dariya. A tsakiya kuma Kaka, 'yar ƙaramar tsohuwa da sanda a gefenta, ta tsuke baki kamar an kawo ta asibiti.

Ta ce, “Wannan ce mai walƙiyar? Ni fa ba na son a haske mini ido. Ku yi ku gama.”

Na jera su. Ban iya ɗaga murya ba, da hannu nake nuna wa kowa wurinsa. Ɗan Gayu ya tsaya a bayan Kaka yana gyara hula, yana ƙifta mini ido. Na danna na farko, fal. Na biyu, fal. A na uku Anti ta rufe ido, na ce a sake. Na duba bayan filash. Jar wutar ba ta kama ba.

Na jira. Su ma suka jira, haƙora a waje. Shiru sai ƙarar ruwa da ƙyas-ƙyas ɗin agogo. Da ƙyar wutar ta kama, na danna, hoton ya fito dishi-dishi, Kawu ya juya kai. Na sake jira. Wannan karon har Kaka ta fara gyangyaɗi.

Anti ta ce, “Ƙanwata, hoto ake yi ko zane? In zane ne mu zauna.”

Aka yi dariya. Zufa ta karyo mini a ƙarƙashin leshi. Na juya musu baya na buɗe murfin filash.

'Yan uwa, ruwan zinare. Su huɗu, da zanen walƙiyarsu, sun yi zafi kamar an ciro su daga murhu. Na buɗe 'yar jakar shuɗayena da sauri. Ruwan zinare. Baturana takwas, babu ko ɗaya. Na ɗago na kalle shi. Murmushi yake yi, irin na wanda ke jiran a gode masa.

Don kada in tsaya haka na zuba sauran huɗun. Waɗannan ko tari ba su yi ba. Na danna, na kashe, na kunna. Babu.

Umma ta ce, “Lafiya dai, 'yata?”

Kafin in buɗe baki ya riga ni. “Umma, ku yi mata haƙuri. Ina jin ba ta caja su da kyau ba. Kun san mata da kayan lantarki. Kuma kyamarar tsohuwa ce, dama na ce bayan biki ajiye ta za a yi. Bari kawai in ɗauke mu da wayata.”

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Kunnuwana suka ɗau zafi, falon ya yi mini nisa. Shi ya buɗe mini jaka. Shi ya kwashe kayan aikina. Ya ga abin da ya saya ya mutu a gaban kowa, maimakon ya ce shi ne, sai ya ɗora mini, ya haɗa da kyamarar ubana. Kuma wai bayan biki ajiye ta za a yi. Da wa aka yi wannan shawarar? Na sunkuyar da kai don kada su ga hawaye.

Sunkuyawar nan ce ta sa na gani. Kawu ya gaji da tsayuwa ya zauna, ya ɗauki rimot ɗin talabijin yana juya shi a hannu. Murfin bayansa ya ɓata, an ɗaure shi da robar gashi. A ciki, farare biyu, kowanne da ɗigon ja.

Ban san lokacin da na taka ba. Na tsaya a gaban Kawu na miƙa hannu biyu.

“Kawu, don Allah ku ara mini.”

Ya ba ni yana kallona. Na zare robar, na zazzage su a tafina. Nauyinsu kaɗai ya sa na ji ƙafafuna sun tsaya daidai. Na juya wurin Ɗan Gayu, muryata ta fito, ni kaina ban gane ta ba.

“Ina sauran biyun?”

Ya yi 'yar dariya. “Haba, 'yan mata, waɗannan tsofaffin? Ai na canja miki da sababbi, kyauta ce na yi miki.”

“Ban tambaye ka kyauta ba. Ina sauran biyun?”

Anti ta daina fifita. Shi kuwa idonsa ya yi sama, ya sauka a kan agogo, ya yi maza ya kawar. Ya makara, na gani.

Na cire takalmina. Na jawo kujerar katako daga wurin teburin cin abinci, ƙafarta na kuka a kan tayil. Na tattare leshin da ya saya mini, na hau. Mayafina ya zame ya faɗi, ban bi ta kansa ba. Na ciro agogon daga ƙusa, ƙura ta zubo mini a fuska, na juya bayansa. Ɗigon ja. Na zare shi. Ƙyas-ƙyas ɗin nan ya tsaya, falon ya yi tsit.

Anti ta ce, “Ikon Allah! Yau ga baƙuwa da sauke agogo. Umma, kuna gani?”

Umma kuwa ɗanta take kallo.

Ya matso yana magana ƙasa-ƙasa, haƙoransa a haɗe. “Sauko. Kina ba ni kunya. Sa ukun ki haɗa da ɗaya daga nawa mana, ai duk batir ne.”

“Ba a haɗa su.”

“Wa ya ce?”

“Mai kyamarar.”

Na sauko, na jingina agogon da bango, na tsaya da batura uku a hannu. Sai muka ji wata 'yar dariya, ƙi-ƙi-ƙi, kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa. Kaka ce. Ta sa hannu a gefen kujerarta tana lalube, ta fito da 'yar tocila ƙarama.

“Zo nan, 'yar nan. Duba wannan. Shekaranjiya ja'irin nan ya sa mini batir a ciki, ya ce takanas ya je kasuwa ya sayo mini, wai don yana ji da ni. Har albarka na sa masa.”

Na durƙusa a gabanta na kwance gindin tocilar. Ya gangaro tafina, da ɗigonsa ja.

Kaka ta kalli batirin, ta kalli jikanta. “Au, ashe da kayan mutane kake neman albarka? Kai, amma an yi ɗan nema! Maido mini albarkata.”

Kawu ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Umma ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Ni ban yi dariya ba. Na zuba huɗun a filash, na rufe, na kunna. Kafin in ɗaga kai jar wutar ta kama. Ban ce kowa ya gyara ba, ban ce a kalle ni ba. Na ɗaga kyamara na danna. Fal. Fal. Fal. Kaka baki buɗe tana dariya, ta riƙe hannun Kawu, Umma ta jingina da kafaɗarta, har Anti ta manta da zobbanta tana dariya. Shi kaɗai ne a gefe, fuska a murtuke, waya a hannu.

Na nuna wa Umma a bayan kyamara. Ta daɗe tana kallo, ta ce a hankali, “Rabon da in ga haƙoran tsohuwar nan tun rasuwar mahaifinmu.”

Na tattara kayana. Na jera masa ruwan zinarensa takwas a kan tebur, ɗaya bayan ɗaya. Na yi wa manya sallama, na ɗauki mayafina. Ya biyo ni da makulli yana cewa in tsaya ya kai ni. Na rungume jakata a ƙirji na shiga ruwan nan, na tari abin hawa da kaina.

Kafin in isa gida ya riga ya kira Yaya. Saƙonninsa kuwa sai shigowa suke yi:

“Abin da kika yi bai dace ba.”

“Ni da na yi don in faranta miki.”

“Anti ta ce ba ki da kunya. Ki kira Umma ki ba da haƙuri, magana ta wuce.”

Ko sau ɗaya bai ce ya yi kuskure ba. Na kife wayar.

Yaya na tsaye a tsakar gida yana huci. “Kujera? A gidan surukai? Ke da ko gaisuwa sai an matsa miki?”

Na ce, “Yaya, kai ka ba shi jakata.”

Ya ɗan yi turus, sai ya ƙara ɗaga murya. “In na ba shi fa? Mutum ya kashe kuɗinsa don ya taimake ki! Kawo kyamarar nan.”

Mama na gefe tana tafa hannu. “Shiru-shiru, wa ya shiga tsakanina da ke? Miji kamar wannan, a kan batir? Batir fa!”

“Mama, ba batir ba ne.”

“To mene ne?”

Na shige ɗaki na sa sakata, na kwanta da jakar a gefena, da jiƙaƙƙen leshina.

Yau da safe na fito wanke fuska, na dawo na tarar Yaya ya shiga ya ɗauke ta. Yana zaune a falo ya ɗora ta a cinya, yana waya da mai saye, yana cewa ya zo bayan azahar. Na tsaya a bakin ƙofa. Na roƙe shi, bai ko kalle ni ba. Na koma kicin na kama wanke-wanke, ina dirzar tukunyar da ba ta da datti, hawaye na ɗiga a cikin kumfa.

Can sai na ji tsayuwar mota, na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda, na ji Mama na cewa, “Lale, lale! Ku da kanku? Sannunku da zuwa!” Ta faɗo kicin tana raɗa, “Goge fuskarki ki fito. Ga abin da kika jawo mana nan ya zo har gida.”

Kaka ce zaune a kan kujerar Baba. Umma na gefenta, ta rungumo agogon bangon nan kamar jariri. Na durƙusa, na shirya jin faɗa.

Kaka ta ce, “Ke, mai walƙiya. Kin tsayar mana da agogo kin tafi. Ja'irin ya sa masa na zinarensa, ya yi tafiya kaɗan ya sake mutuwa. Ga tocilata ma ba wuta. Na ce ba wanda zai ƙara zaɓa mini batir sai ke. Wannan ɗaya ke nan.” Ta gyara ɗankwalinta, sabo ne fil, har da layin guga. “Na biyu, hoto nake so. Ni kaɗai. Wanda za a rataya in na tafi, ba na son a rataya mai tsuke baki.”

Ta juya ta ga Yaya a tsaye da jakar a hannu.

“Kai ne mai hoton?”

“A'a, Kaka, ni yayanta ne.”

“To me kake yi da kayan aikinta? Ba ta mana, rana na yi.”

Yaya ya kalli Mama. Mama ta kalli ƙasa. Ya miƙo mini jakar da hannu biyu, kamar dama ajiya na ba shi. Da ya fita na ji shi a waya yana cewa, “Bar zuwan nan tukuna.”

Na zaunar da Kaka kusa da taga, na gyara mata wuyan riga. Umma ta ce mini shuɗayen nawa a na'urarta ta awon jini ya zuba su, ita ma ce mata ya yi sayowa ya yi. Ta sa ya ciro su da hannunsa.

Na ce, “Umma, da kun bar su, ai lafiya ce.”

“A'a. Ki zaɓo mini wasu, in biya. Naki naki ne.”

Na ɗauki Kaka hoto har sai da ta ce ya isa, idonta ya cika da taurari. Da za su shiga ɗakin Mama shan shayi Kaka ta kama hannuna ta jawo ni kusa.

“Yana waje cikin mota, da baturanki huɗu a hannu. Na ce masa ƙafarsa ba za ta taka gidan nan ba sai in ke kika ce. In kin ce ya shigo, ya shigo. In kin ce ya tafi, ni zan raka shi da sandar nan. Kada ki duba fuskar uwarki, kada ki duba tawa.”

Ga ni nan a ɗakina tun ɗazu, kyamarar Baba a kan cinyata, ina rubuta muku wannan. Mama ta leƙo har ta gaji, tana yi mini alama da ido. Ta taga ina hango motar, gilashi a sauke, farar rigarsa ta jiƙe da zufa, makullin nan ba ya juyawa. Raina bai huce ba, kada ku ɗauka ya huce. Har yanzu in na tuna “kun san mata da kayan lantarki” sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ɗazu wayata ta yi ƙara, ƙarar nan da shi ya zaɓa mini. Saƙo ne, gajere:

“Zan iya shigowa?”

Tun da muka haɗu, wannan ce tambaya ta farko da ya taɓa yi mini yana jiran amsata. Na karanta ta, na sake karantawa. Na shiga cikin wayar na canja ƙarar zuwa wadda nake so. Amsa kuwa ban ba shi ba tukuna. Jiya na tsaya a gaban danginsa ina jiran 'yar jar wuta ta kama, ana yi mini dariya. Bari shi ma ya ɗanɗana jira.